Yadda Ake Shirya Gajeren Fim na Barkwanci Kan Rikicin Wa da Ƙani da Ƙaramin Jari

Mafi yawan matasan da suke zuwa wurina da niyyar fara ba da umarni suna zuwa ne da labarin da ya fi ƙarfin aljihunsu, labari mai gidan attajiri da motoci uku da taron biki da zaman kotu. Abin da nake gaya musu kullum shi ne su ajiye wannan zuwa gaba, su koma tsakar gidan da suka taso, domin babu wanda ya tashi da ɗan'uwa a ɗaki ɗaya da bai san yadda ake faɗa a kan tsokar nama ko ƙanzon tukunya ba. Irin wannan labari ba ya bukatar komai sai mutum uku ko huɗu da gida ɗaya, kuma duk wanda ya kalla zai ga gidansu a ciki. A Kannywood ana kiran fim ɗin barkwanci mai ƙaramin jari camama, wasu ma suna faɗin kalmar da raini, amma marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya nuna wa kowa cewa dariya ba ta tambayar nawa aka kashe. Abin da zan bayyana a nan shi ne hanyar da nake bi wajen haɗa fim na minti 6 zuwa 8 a cikin yini ɗaya ko biyu na ɗauka.

Kayan da za ka tanada

Waya mai kyakkyawar kyamara ta wadatar, muddin tana ɗaukar bidiyo a 1080p. Ka sami waya ta biyu wadda aikinta kawai naɗar sauti ne, da ƙaramin makirufo irin wanda ake maƙalawa a wuyan riga, biyu idan da hali. Ka nemi sandar kyamara mai ƙafa uku da abin riƙe waya. Idan babu, turmi da aka kife ko tebur da tulin littattafai suna yin aikin, sai dai za su ci maka lokaci. Za ka bukaci batirin ajiya cikakken caji, da abin sauraro na kunne, da farin kwali babba ko farin zanen gado don mayar da haske kan fuska, da littafin rubutu da biro, da kwamfuta ko wata ma'ajiya da za ka kwafe aikin a ciki. A kan waya ka saka manhajar da ke ba ka ikon sarrafa kyamara da hannu, kamar Open Camera ko Blackmagic Camera, dukansu kyauta ne. Don tacewa, wato yanka hotunan da haɗa su bayan ɗauka, akwai CapCut a waya, akwai DaVinci Resolve a kwamfuta.

Ta fuskar mutane, ban da 'yan wasa kana bukatar mutum biyu: mai kula da sauti, da mai riƙe littafi yana lura da kwantiniti, wato tabbatar da cewa sutura da kayan ɗaki ba su canza ba daga ɗauka zuwa ɗauka. Kuɗin da ke hannunka kuwa, ka ware mafi yawansa ga abinci da ruwan sha da kuɗin mota, domin ɗan wasan da yake jin yunwa ba ya ba da dariya, kuma wanda ya zo maka kyauta bai kamata ya koma gida a ƙasa ba.

1. Zaɓi abu ɗaya da za a yi faɗa a kansa

Wannan shi ne matakin da na fi daɗewa a kai, kuma a nan ne mafi yawan masu farawa suke ɓata fim ɗinsu tun kafin a kunna kyamara. Rikicin 'yan'uwa kala-kala ne. Akwai 'yan ubanci, wanda yake jawo kishiya da gado da tsohuwar gaba, kuma ina ba ka shawara ka bar shi a fim ɗinka na farko, saboda nauyinsa ya fi ƙarfin minti 8, kuma da wuya mai kallo ya yi dariya alhali yana tuna abin da ya raba gidansu. Wanda ya fi dacewa da kai shi ne rikicin sako da sako, 'yan uwa ɗaya uba ɗaya waɗanda tazararsu ba ta wuce shekara biyu ba, inda babban yake ganin girmansa ya ba shi komai, ƙaramin kuma yake ganin wannan ɗan girman bai kai a yi masa biyayya ba.

Sai ka nemo abu guda, ƙarami, wanda ake iya gani a riƙe a hannu, wanda kuma ba ya rabuwa biyu. Bari in ba da misali da wani da na taɓa ɗauka, zan kuma riƙa komawa kansa har ƙarshe. An kwana uku babu wuta, da yamma sai aka kawo. Caja ɗaya ce a gidan, wayar wan ta mutu, ta ƙanin ma ta mutu, kowannensu kuma yana da dalilin da yake gani ya fi na ɗan'uwansa ƙarfi: wan yana jiran kiran wadda yake nema, ƙanin yana jiran saƙon kuɗin da aka yi masa alkawari. Ka lura cewa dole kowane ɓangare ya kasance da 'yar gaskiyarsa. Idan ɗaya azzalumi ne tsantsa ɗayan kuma abin tausayi, to ka fita daga barkwanci ka shiga labarin zalunci.

2. Rubuta labarin a hawa uku

A tsarin rubutun fim shafi ɗaya yana ba da kimanin minti ɗaya, don haka shafi 6 zuwa 8 kake nema. A cikin minti na farko mai kallo ya san su waye, me suke so, kuma me ya sa ba za su samu tare ba. Daga nan rikicin ya riƙa hawa, kowane hawa ya fi na baya tsanani.

A nawa labarin, hawan farko na baki ne: wan ya ce, “Kai, cire wayarka, ni na riga ka zuwa duniya,” ƙanin ya amsa da ladabin da ya fi zagi ciwo, “Haka ne Yaya, amma ni na riga ka zuwa soket.” Hawa na biyu na dabara ne, inda wan ya aiki ƙanin sayo ruwa don ya sami damar musanya wayoyin, ƙanin kuma ya tafi da kan cajar a aljihu ya bar masa igiya. Hawa na uku shi ne kai ƙara gaban mahaifiya, kowa yana tono laifin ɗan'uwansa na shekarun baya. Suna cikin haka aka ɗauke wuta, suka koma ɗaki suka tarar auta ta ture wayoyin biyu gefe tun tuni ta cika fitilarta. Fim ɗin ya ƙare da su biyun zaune a kan tabarma ɗaya suna cin tuwo da hasken fitilar auta.

Akwai iyakoki da ya kamata ka kiyaye tun a takarda. Kada wani ya zagi iyaye ko ya ɗaga wa mahaifiya murya, domin mai kallo Bahaushe zai daina dariya nan take. Kada ka nemi dariya ta hanyar nakasa ko ƙabila. Idan kuma labarinka na wa da ƙanwa ne, ka sani cewa a fina-finan da hukumar tace fina-finai take dubawa a Kano ba a yarda namiji da mace su taɓa juna ba ko da a matsayin 'yan'uwa suka fito, saboda haka duk wani fizge-fizge sai ka mai da shi na baki da na ido, ko kuwa ka rubuta maza biyu ko mata biyu.

Bayan ka gama, ka karanta rubutun da ƙarfi. Duk jimlar da ka ji ba haka ake faɗinta a gidanku ba, ka soke ta.

3. Nemo 'yan wasa, ka yi rihazal

Kada ka ɗauki mutum don kawai shi ne mai ba da dariya a majalisarku. Sau da yawa irin wannan yana so ya ba da dariya a kowace jimla, sai ya cika ƙwalalo ido da lanƙwasa murya, fim ɗin ya koma wasan yara. Wanda kake nema shi ne wanda zai ɗauki zancen caja da gaske, tamkar rayuwarsa ta dogara a kai, domin abin dariyar yana cikin girman fushin idan aka gwada shi da ƙanƙantar abin da ake fushin a kansa. Idan ka sami 'yan'uwan gaske masu iya wasa, ka yi sa'a, saboda hararar da suke yi wa juna ba koyo ba ce. Idan ba ka samu ba, ka haɗa abokai biyu da suka saba tsokanar juna, ka duba kada bambancin kamanninsu ya yi yawa.

Ka yi rihazal, wato gwajin wasan kafin ɗauka, aƙalla sau biyu, na biyun a cikin gidan da za a yi ɗaukar. Ka bar su su ƙara nasu kalmomin, mai littafi yana rubuta duk wadda ta yi daɗi, amma da zarar an gama rihazal na ƙarshe an rufe ƙofar ƙari. Dalili shi ne za ka ɗauki fitowa ɗaya daga kusurwa uku, kuma idan kowane karo ɗan wasa yana canza magana, ba za su haɗu ba a wurin tacewa. Idan akwai yaro ko yarinya a cikin fim ɗin, ka nemi yardar iyaye a fili, ka gaya musu inda za a nuna shi, kuma wani babba daga gidansu ya kasance a wurin.

4. Duba lokeshan da kunne kafin ido

Ka je gidan a daidai lokacin da kake shirin ɗauka, ka zauna shiru na minti 10 kana saurare. Na taɓa zaɓar wani gida mai kyakkyawan tsakar gida da bishiyar darbejiya, na je dubawa ranar Juma'a da rana komai tsit, ashe akwai injin niƙa a bayan katanga. Ranar ɗauka tun ƙarfe 8 na safe ya tashi, bai tsaya ba sai azahar, muka yi asarar rabin yini muna zaune. Ka tambayi masu gida game da injin niƙa, da janareton maƙwabta, da makarantar allo, da hanyar 'yan adaidaita sahu. Ka tsara aikinka da lokutan salla a zuciya, a dakata da an fara kira, a yi salla sannan a ci gaba.

Idan akwai fitowar da za a yi a ƙofar gida ko kan layi, ka sanar da mai unguwa tun da wuri, ka kuma tanadi wanda zai riƙa janye yara daga bayan kyamara. A Kano, Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jiha, wadda aka kafa a 2001, ita ce ke yi wa masu sana'ar rajista da duba fim kafin a sake shi, don haka ka je ofishinta ka ji ƙa'idar da ake kai kafin ka sa ranar ɗauka. Idan a wata jiha kake ko a Nijar, ka tambayi waɗanda suka riga ka a sana'ar a garinku.

5. Saita waya da haske

Ka goge gilashin kyamara, musamman a lokacin hunturu da ƙura take sauka a kan komai. Ka sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse maka ɗauka. Ka riƙe ta a kwance idan YouTube kake nufi. Ka saita ta a 1080p da hoto 25 a daƙiƙa, domin wutar lantarkin Najeriya da Nijar tana juyawa ne sau 50 a daƙiƙa, kuma idan ka bar wayar a 30 ƙarƙashin ƙwan lantarki za ka iya ganin hoton yana ƙyaftawa. Ka kulle haske da fokas, wato inda hoto zai fito tar, a kan fuskar ɗan wasa kafin kowace ɗauka, in ba haka ba wayar za ta riƙa canza su da kanta duk lokacin da wani ya motsa. Kada ka jawo hoto da yatsa. Idan kana son kusanci, ka ɗaga sandar ka matsa.

Hasken da ya fi kyau shi ne na safe zuwa hantsi, da na bayan la'asar. Ranar tsaka tana zuba inuwa a ramin ido, ta ɓoye ainihin abin da kake son a gani. A cikin ɗaki, ka zaunar da ɗan wasa yana fuskantar taga ko tana gefensa, kada ta kasance a bayansa, sannan wani ya riƙe farin kwali a ɗaya gefen. Ka hana farar shadda ƙal, domin wayar za ta rage haske saboda rigar, fuska ta yi duhu. Shuɗi ko ruwan ƙasa ko kore sun fi, kuma ka sa wa 'yan'uwan launi mabambanta. Fitowar dare kuwa, kamar ta fitilar auta, na fi son ɗaukarta gab da magariba da sauran ɗan haske a sama, saboda waya ba ta jure duhu na gaske.

6. Sauti

Mai kallo zai yafe maka hoto mai ɗan dishi-dishi, amma idan bai ji kalmar da dariyar take ciki ba, ka yi aikin banza. Ka maƙala makirufo kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, a ɓoye a cikin riga yadda yadi ba zai riƙa gogarsa ba. Idan ba ka da makirufo, ka ɗaure waya ta biyu a kan gora ko sandar mofa, mai sauti ya riƙe ta sama da kawunansu, kusa iyakar yadda ba za ta shigo hoto ba. A kashe fanka da firij ko da ana zufa. A farkon kowace ɗauka, bayan an kunna wayoyin biyu, wani ya tsaya gaban kyamara ya faɗi lambar fitowar ya tafa hannu sau ɗaya, domin da wannan tafin za ka daidaita sauti da hoto daga baya. Kafin ku bar kowane ɗaki, kowa ya yi shiru ka naɗi minti ɗaya na sautin wurin, za ka cike giɓi da shi a wurin tacewa.

7. Ɗaukar fitowa

Ka fara kowace fitowa da hoto mai faɗi wanda ya ɗauki su biyun tare, a yi ta daga farko har ƙarshe ba yankewa. Sannan ka matsa ka ɗauki wan shi kaɗai a sake yin ta gaba ɗaya, sannan ƙanin. A ƙarshe ka ɗauki ƙananan abubuwa: hannu yana zare caja, fuskar waya a mace, ƙwan lantarki yana mutuwa. Ka ɗauka a ranka akwai layi miƙaƙƙe tsakanin 'yan wasan biyu, kyamara ta tsaya a gefe ɗaya na layin har a gama fitowar. Idan ka tsallaka, a wurin tacewa za ka ga su biyun suna kallon gefe ɗaya kamar ba da juna suke magana ba.

Abin da na fi so mai farawa ya riƙe shi ne cewa dariya ta fi zama a fuskar wanda aka gaya wa magana fiye da bakin wanda ya faɗe ta. Lokacin da ƙanin ya ce ya riga wansa zuwa soket, abin da ya sa mutane suka fashe shi ne yadda wan ya yi shiru, ya dubi ƙanin, ya dubi soket, ya haɗiye yawu. Saboda haka kada ka yi saurin cewa a tsaya. Ka bar kyamara ta ci gaba daƙiƙa 5 bayan jimlar ƙarshe, ka kuma gargaɗi ma'aikatanka su danne dariyarsu har sai ka ba da izini. Ɗauka uku ko huɗu ta isa ga kowace kusurwa, bayan haka wasan yana yin sanyi.

Mai kwantiniti ya ɗauki hoton kowane ɗan wasa da kayan ɗakin kafin a fara, ya rubuta hannun da aka riƙe waya da shi da gefen da hula ta karkata. Idan aikin zai kai kwana biyu, ka karɓi kayan wasan ka ajiye a wurinka, ka kuma roƙi 'yan wasa kada kowa ya je wurin wanzami. Na taɓa sake ɗaukar fitowa biyu cur saboda jarumina ya dawo washegari da sabon aski.

A daren ranar, kafin ka kwanta, ka kwafe komai a wuri biyu, kada ka goge na waya sai ka buɗe kwafin ka tabbatar yana aiki.

8. Tacewa

Ka fara da daidaita sauti da hoto, sannan ka jera fitowa bisa tsarin rubutu ba tare da ado ba. Haɗin farko zai fi abin da ka yi niyya tsawo, kuma daga nan aikin yanka yake farawa. Ka yanke sallama da gaisuwa da tafiya daga ƙofa zuwa kujera, ka shiga kowace fitowa a makare ka fita da wuri. Inda mutum biyu suke fizgar abu ɗaya, ka bar hoton mai faɗi, domin ganin jikinsu duka ya fi ban dariya. Inda magana ce mai kaifi, ka yanka zuwa fuskar mai saurare. Rabin daƙiƙa yana iya raya barkwanci ko ya kashe shi, don haka ka gwada yankan a wurare biyu ko uku kafin ka tsayar.

Ka guji sautin dariyar gwangwani da ƙarar ban mamaki da ake liƙawa a kan kowace jimla. Ka guji kuma waƙar wani ba da izininsa ba, saboda YouTube yana gano ta da kansa, yana iya toshe fim ɗin ko ya karkatar da kuɗin tallar zuwa ga mai waƙar. Akwai kiɗan kyauta a ma'ajiyar sauti ta YouTube, amma abin da na fi so shi ne in nemi mai kalangu ko gurmi ya kaɗa mini na minti biyu in biya shi.

Idan ka gama, ka nuna wa mutum huɗu ko biyar waɗanda ba su je wurin ɗauka ba kuma ba su san labarin ba. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau, za su ce ya yi don kara. Ka zauna a gefe kana kallon fuskokinsu, ka rubuta inda suka yi dariya da inda wani ya duba wayarsa, sannan ka koma ka yanke wurin na biyun ko da shi ne wanda ka fi shan wahala a kansa.

9. Fitarwa

Ka fitar da fim ɗin a MP4, 1080p, hoto 25 a daƙiƙa, daidai da yadda ka ɗauka, sannan ka saurare shi a lasifikar ƙaramar waya, domin da ita mafi yawan mutane za su kalla. A ƙarshensa ka rubuta sunan duk wanda ya taimaka, har da masu gidan da wadda ta dafa abinci. Bayan ka cika sharuɗɗan hukumar tacewa, ka ɗora cikakken fim ɗin a YouTube da hoton fuskokin 'yan'uwan biyu suna hararar juna, ka yanko daƙiƙa 30 daga hawa na biyu ka sa a TikTok da Facebook da WhatsApp, ba tare da ka nuna abin da auta ta yi ba.